PCOS da ciwon damuwa: yadda za ki kula da zuciyarki, ba mahaifa kaɗai ba

Yawancin matan da aka ce musu suna da PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, abu ɗaya cikin uku ne ya kai su asibiti, ko al'ada ta ɗauke wata uku wata huɗu, ko an yi aure shekara ta zagayo shiru, ko kuma gashi ya fara tsirowa a haɓa. Likita ya tura sikanin, a ɗibi jini, a rubuta magani a ce ki rage ƙiba ki dawo bayan wata uku, shikenan an sallame ki mai bi miki ta shigo. Da wuya wani ya ɗago kai ya ce Hajiya ya barcinki, kina kuka ke kaɗai ne, yaushe rabonki da shiga taron mata. Alhali a wajen mata da yawa wannan ɓangaren ne ya fi cin rai, ya fi rashin al'adar kanta nesa ba kusa ba.

Kuma ba wai raki bane 'yar uwa. Ƙa'idojin duniya na kula da masu PCOS, waɗanda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranci haɗawa a 2018 aka sabunta su a 2023, sun ce ƙarara duk macen da aka gano tana da shi a binciki ko tana da ciwon damuwa ko fargaba tun ranar da aka gano, saboda bincike daban daban ya nuna sun fi sauran mata kamuwa da su sosai. Wato tambayar nan hakkinki ce, in ba a yi miki ba ke ki tayar da ita.

Tukunna ma dai ki tabbatar PCOS ɗin ne

Na fara da wannan ne don akwai mata da yawa da ke yawo da fargabar ciwon da ba su da shi, don kawai mai sikanin ya ce ya ga ƙulli a ma'ajiyar ƙwai. Sikanin kaɗai baya yanke hukunci. Tun taron da masana suka yi a Rotterdam a 2003 abinda ake bi shi ne sai an samu biyu cikin uku: al'ada mara tsari ko rashin sakin ƙwai, alamun sinadarin maza ya yi yawa a jiki kamar gashin fuska da ƙuraje ko a gani a gwajin jini, sai kuma abinda sikanin ya nuna. Sannan sai an cire wasu cututtukan da ke kama da shi, irin matsalar maƙoƙo da hauhawar sinadarin nono. Al'ada mara tsari kuma tana nufin tazarar ta gaza kwana 21 ko ta wuce kwana 35, ko kuma ki ga ƙasa da sau 8 a shekara. Yarinyar da bata fi shekara 8 da fara al'ada ba ma ba a dogara da sikanin a kanta, don a shekarun nan haka ma'ajiyar ƙwan da yawansu take kuma lafiyarsu ƙalau.

Abubuwan da ake gani a hoton ma ba ƙari bane, ba daji bane, ƙananan jakunkunan ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya. Ba a yin tiyata don a kwashe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma kusan 70 cikin 100 na masu shi basu ma sani ba, kinga kenan a gidan biki ɗaya ba ke kaɗai bace, sauran dai kowa ta ja mayafi ta yi shiru ne. Ba kuma sabon ciwo bane da shinkafar waje ta kawo kamar yadda wasu ke faɗa, likitoci biyu Stein da Leventhal sun yi bayaninsa a Chicago tun 1935.

Tambayoyi biyu da za ki yi wa kanki

Ki samu lokacin da gida ya yi tsit, bayan isha ko bayan asuba, ki duba sati biyun da suka wuce. Na farko, kwana nawa a ciki kika ji zuciyarki a cunkushe, babu daɗi, babu fatan komai zai gyaru? Na biyu, kwana nawa kika ji abubuwan da da kike so sun fita ranki, hira da ƙawaye, kwalliya, girki, karatu, har kallo? Waɗannan biyun su likitoci ke fara tambaya a ko'ina. In amsarki ita ce fiye da rabin kwanakin toh maganar ta wuce ɓacin rai na yau da gobe, a kai ta asibiti.

Fargaba kuma kalarta daban, ita ce wadda zuciya ke bugawa ba dalili, tunani ya ƙi tsayawa, ki kwanta kina lissafin kwanakin wata kina juyi har a kira assalatu, wayar uwar miji ta shigo gabanki ya faɗi tun kafin ki ɗauka. Wasu a jiki take fito musu, ciwon kai kullum, zafin ƙirji, kasala, sai a yi ta shan maganin olsa da na taifot shekara da shekaru ba sauƙi don ba nan ciwon yake ba.

Me ke kawo shi? Abubuwa ne suka haɗu. Akwai na cikin jiki, rikicewar sinadarai da yadda jikin yawancin masu PCOS baya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, suga ya hau ya sauka mutum ya yi laushi. Akwai barci, masu PCOS sun fi samun matsalar nan ta numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, in ana ce miki kina minshari sosai kuma kina tashi da gajiya kamar baki kwanta ba ki faɗa wa likita, don rashin barci mai kyau shi kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin damuwa. Sai kuma na waje wanda mu muka fi kowa saninsa, gori da habaici, har yanzu shiru ne, kin cika gida da ƙiba, wai kina shan maganin hana haihuwa a ɓoye. Wanda ke faɗa ya manta kafin ya kai bakin ƙofa, ke kuma ki kwana da ita.

Yadda za ki shiga wajen likita

Asibitocinmu layi ne, minti biyar za a baki in kin yi sa'a, don haka kar ki shiga da hannu biyu. Ki samu ɗan littafi ko ki rubuta a waya, ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, awa nawa kike barci, ranakun da kika yi kuka ko kika kasa tashi, da duk wani abu da kike sha har da na gargajiya da na 'yan Instagram, kar ki ɓoye ko ɗaya don wasu suna karo da maganin asibiti. In kin zauna, kafin ya fara rubutu ki ce likita bayan al'adar akwai damuwa da take damuna, ga yadda nake ji sati kaza. Ki faɗe ta da farko, in kika bari sai ƙarshe kina miƙewa kunya za ta hana ki.

In ya ce a tura ki ɓangaren ƙwaƙwalwa kar ki ce ni ba mahaukaciya bace. Yawancin masu zuwa can mutane ne irinki da irina, malaman makaranta, 'yan kasuwa, masu jego. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin mata da na ƙwaƙwalwa a wuri ɗaya, akwai kuma asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Tun Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye tsohuwar ta 1958, sirrin mara lafiya abu ne da doka ta kare.

Maganin ba lallai ƙwaya bane. Akwai zaman magana da ƙwararre da ake kira CBT, inda ake koya miki kama tunanin da ke kayar da ke ki auna shi, misali tunanin ni ba cikakkiyar mace bace, ko bazan taɓa haihuwa ba, a tambaye ki ina hujjarki, sannan a baki aikin gida ƙanana. Yana aiki ƙwarai kuma shi ake so a fara da shi in abin bai yi tsanani ba. In ya yi tsanani akwai magunguna irin su sertraline da fluoxetine, sai dai ki sani basa aiki a kwana biyu, sai an yi sati biyu zuwa shida kafin ki ji canji, kuma ba a yanke su rana ɗaya don kin ji sauƙi. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa suna sa ƙiba, ki gaya wa likitan kina da PCOS kuma ki gaya masa in kina neman ciki don ya zaɓa miki wanda ya dace. Kar ki je kemis ki ce a baki na barci, nan ne mata da yawa suka faɗa wani ramin daban.

Haka ƙwayar tsarin iyali da ake ba masu PCOS don daidaita al'ada da rage gashi da ƙuraje, bata hana haihuwa daga baya, da kin daina aikinta ya ƙare. Amma wasu matan suna jin ranar da suka fara ta yanayinsu ya canza, in haka ta faru ki koma a canza miki wata. Abinda ba a so shi ne ki zauna fiye da kwana 90 ba jini ba magani, don bangon mahaifa yana ta kauri kuma shekara da shekaru a haka yana ƙara haɗarin dajin mahaifa.

Madubi

Anan zan ɗan daɗe don shi ne abinda mata suka fi ɓoyewa. Tambayoyin da masana suka tsara tun 1998 don auna yadda PCOS ke taɓa rayuwar mace ɓangare biyar suka duba, yanayin zuciya, gashin jiki, ƙiba, rashin haihuwa da matsalar al'ada, kinga biyu a ciki duk maganar madubi ce. Mace ta daina zuwa suna, ta daina cire niƙabi ko cikin mata, miji ya kai hannu fuskarta ta kauce, shi kuma ya ɗauka ƙinsa take.

Gashin fuska ki cire abinki ta hanyar da ta fi miki sauƙi, halawa ko zare ko reza. Maganar cewa aski na sa gashi ya ƙara kauri ba gaskiya bace, bakinsa ne ke fitowa a yanke sai ya yi kaushi a hannu. Maganin asibiti na rage gashi yana ɗaukar kamar wata shida kafin a ga bambanci don haka kar ki yanke ƙauna a wata na biyu, kuma spironolactone da ake badawa ba a shan sa in akwai yiwuwar ciki. Mai halin yin leza, wato cire gashi da na'urar haske, ta tabbatar wajen sun san aiki da baƙar fata, in ba haka ba tabo za ta saya da kuɗinta.

Baƙin da ke fitowa a wuya da hammata da matsematsi, wanda ake ta yi wa yara gorin ƙazanta a kai, ba dauɗa bane, alamar jiki baya jin insulin ne. Ko da soson ƙarfe kika dirje bazai fita ba, man bilicin kuma yawanci akwai sinadarin da ke siranta fata ya ƙara ƙuraje da gashi a ciki. Abinda wuyan ke ce miki shi ne ki je a yi gwajin suga, wanda ake baki ruwan suga giram 75 ki sha a auna bayan awa biyu, shi ya fi nuna gaskiya ga masu PCOS, a auna hawan jini ma.

Sai ƙiba. Ni dai ina ganin kalmar ki rage ƙiba da ake jefa wa mace ba tare da an nuna mata yadda za ta yi ba tana cikin abinda ke ƙara ciwon, don jikin mai PCOS baya sakin nauyi da sauƙi kuma akwai sirara da yawa masu shi. Abinda aka sani shi ne ga mai nauyi ragin 5 zuwa 10 cikin 100 kawai yana iya dawo da al'ada, mai kilo 90 kenan kilo 4 da rabi zuwa 9 take nema ba ta koma kamar ranar aurenta ba. Kuma babu wani tsarin abinci guda da aka tabbatar ya fi sauran, ba sai kin sayi kayan kanti masu tsada ba. Fara da lemon kwalba da sugan shayi da na zoɓo da kunu, rage malmalar tuwo ki ƙara miya da ganye, zogale, rama, alayyahu, ki riƙe wake da ƙwai da kifi in da hali, gero da dawa da acca duk namu ne. Motsa jiki kuma minti 150 a sati, wato minti 30 kwana biyar, ko zagayen tsakar gida ne da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga. Ko sikeli bai motsa ba tafiyar tana gyara barci da suga da zuciya, sannu bata hana zuwa.

Amma ki lura da wani abu, in kin ga kina horar da kanki da yunwa yini guda sannan dare ya yi ki ci kamar ba gobe a ɓoye, ki gama ki tsani kanki, ko kina sa yatsa ki amayar, ko kina shan shayin zawo don ki rame, wannan ciwo ne mai zaman kansa kuma ya fi yawa a masu PCOS. Ki faɗa wa likita, a nan a dakatar da maganar sikeli tukunna.

Haihuwa, miji da dangin miji

PCOS ba juya bane. Matsalar ƙwai baya fita kowane wata ne, kuma tana cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani. Wasu suna samun ciki ba tare da komai ba, wasu sai an basu maganin da ke sa ƙwai ya fita, letrozole wanda shi ne na farko a yanzu, ko clomid, wani lokacin da maganin suga metformin. Amma a ƙarƙashin likita, ba a yi ta sayen clomid a kemis ana sha wata da watanni ba. Ƙa'ida ita ce shekara ɗaya ba ciki a fara bincike, wata shida ga wadda ta haura 35, ke da al'adarki bata da tsari kuwa ba sai kin jira ba. Kuma maigida ma a gwada maniyyinsa tun farko, gwaji ne mai sauƙi da arha, kuma kaso mai yawa na rashin haihuwa daga ɓangaren namiji yake ko daga su biyun. Ba adalci bane mace ta sha magani shekara uku shi ko kofin gwaji bai taɓa riƙewa ba.

Ki tafi da shi asibiti ko sau ɗaya ya ji daga bakin likita, abinda kika faɗa sau goma bai shiga ba likita zai faɗa sau ɗaya ya zauna. A gida kuma kar ki ce masa ka fahimce ni, maza basu san me za su yi da wannan ba, ki ce Abban wane ko yadda dai kike kiransa, in Hajiya ta tayar da maganar kai za ka amsa, ka raka ni tafiyar yamma, ranar da gwaji ya nuna ba ciki kar ka tambaye ni komai ka zauna kusa da ni kawai. In sha'awa ta ragu shi ma ki faɗa masa yana cikin ciwon da damuwar, kar shiru ya sa ya fassara da kansa.

Dangin miji kuma ba kowa za ki buɗe wa cikinki ba. Amsa ɗaya gajera ki riƙe, muna ganin likita Hajiya a taya mu da addu'a, ki maimaita ta ko sau nawa aka tambaya. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, yayarki ko aminiya, su ne za ki kira ranar da abin ya taso. Ranar gwajin ciki ma ki rage wa kanki azaba, mai PCOS jinkirin al'ada ba lallai alamar ciki bane a wajenta, in kina sayen abin gwaji duk sati kina karya zuciyarki ne a banza, ku tsayar da rana da likita.

In Allah ya kawo cikin kuma kulawar bata ƙare ba, a auna suga da hawan jini da wuri, bayan haihuwa a lura da damuwar jego don wadda ta taɓa yin ciwon damuwa ta fi saurin faɗawa.

Sallah da azumi

Wannan likita bazai taɓo miki ba amma yana hana mata barci, jini ya zo ya ƙi ɗaukewa sati uku kina ta waswasi na yi sallah ko kar na yi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi haila bata wuce kwana 15, mai kwanakin da ta saba kuma tana ƙara uku a kai muddin bata haura 15 ɗin ba, abinda ya wuce nan jinin ciwo ne, ki yi wanka ki ci gaba da ibadarki. Ki kai littafin kwanakin nan naki wajen malama ta zauna da ke ku lissafa sau ɗaya ki huta. Mai shan metformin ko maganin damuwa ta ga likita kafin watan azumi a gyara mata lokutan sha.

Kuma don Allah a daina ce wa mai ciwon damuwa imaninta ne ya yi rauni. Addu'a da azkar da ruƙiyya ki riƙe su, suna sanyaya zuciya, amma ki haɗa da asibiti, neman magani baya cikin rashin tawakkali. Inda nake jan kunne shi ne masu cewa aljani ne ya aure ki ko kishiya ce ta ɗaure mahaifa a kawo dubu kaza, da masu tallan haɗin wanke mahaifa a TikTok da ke rantsuwar za su warkar da PCOS cikin kwana bakwai. Har yau babu maganin da ke cire shi gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, kuma duk kwalbar da kika saya ta ƙi aiki wani sabon karyewar zuciya ne a kan na da. Wanda ya fi damunki a waya ki toshe shi kawai, har da masu ɗora hoton jarirai suna cewa saura ke.

Idan abin ya kai ga tunanin mutuwa

In kin fara jin gara ma ki mutu ki huta, ko kina tunanin yi wa kanki illa, ko kin yi kwanaki baki ci baki yi barci ba, ko kina jin muryoyin da wasu basa ji, wannan ba na jiran ranar da aka rubuta miki a kati bane. Ki faɗa wa wani a gidan a ranar, a kwashe magunguna da fiya fiya da duk wani abu mai cutarwa daga ɗakin, kar a bar ki ke kaɗai, a tafi imajansi na babban asibiti mafi kusa ko da dare ne. Ke kuma da ƙanwarki ko ƙawarki ta furta miki irin wannan, kar ki ce mata ta yi istigfari ta yi shiru, ki tambaye ta kai tsaye ko ta shirya wani abu, tambayar bata sa mutum ya aikata, sannan ki ɗauki mayafinki ki raka ta da kanki.